Tambayoyinku: Sarrafa Na'urorin Awo Daga Kwamfuta

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan wata a kan abu guda suke: yadda za a sa kwamfuta ta riƙa ba na'urar awo umarni, tana karɓar sakamako tana ajiyewa, ba sai mutum ya zauna gaban allo da biro da takarda ba. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da shagon gyaran kayan lantarki a Jidda. Na sayi tsohuwar mitar awon lantarki HP 34401A a haraji, wato kasuwar gwanjo, tana aiki lafiya lau. A bayanta akwai kafa biyu, ƙarama mai fil 9 da wata babba mai faɗi. Na haɗa ƙaramar da kwamfuta ta kebul ɗin USB zuwa siriyal, na tura umarni, ko motsi ba ta yi ba. Ta lalace ne? Daga wani mai gyara a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce ta lalace. Wannan mita tana da sharuɗɗa da yawa kafin ta amsa ta ƙaramar kafa, kuma ko ɗaya ka tsallake shiru za ka ji.

Ka fara daga gabanta. Ka danna Shift sannan Menu, ka gangara zuwa sashen I/O MENU. A ƙarƙashin INTERFACE za ka ga ko HP-IB aka zaɓa, wato babbar kafa, ko RS-232, wato ƙaramar kafa ta siriyal. Kafa ɗaya kawai take saurara a lokaci guda, kuma kayan da suka fito daga manyan kamfanoni galibi a kan HP-IB ake barin su. Ka mayar da ita RS-232. A wurin dai ka duba LANGUAGE. Mitar tana iya kwaikwayon tsofaffin mitoci biyu, HP 3478A da Fluke 8840A, kuma idan tsohon mai ita ya bar ta a kan ɗaya daga cikinsu, ba za ta gane umarnin zamani ba. SCPI kake so, wato harshen umarni na zamani da na'urorin awo ke ji.

Sai kebul. Mitar da kwamfuta duk a fil na 3 suke turawa, a fil na 2 suke karɓa. Idan ka haɗa su da kebul mai wayoyi a miƙe, kowa yana magana ne a bakin ɗan'uwansa, ba mai ji. Abin da kake buƙata shi ne wanda masu shago suka sani da null modem, mace a kai biyu: fil na 2 ya je na 3, na 3 ya je na 2, na 4 ya je na 6, na 6 ya je na 4, na 5 ya je na 5. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a leda. Ka auna shi da mitar kanta, kana da ita a hannu. Wayoyin 4 da 6 su ne mutane suka fi mantawa, alhali da su mitar take sanin ko ɗaya ɓangaren ya shirya karɓa. Akwai ƙananan kebul na USB zuwa siriyal masu araha da ba su fitar da waɗannan fil ɗin ba sam, wayoyi 3 kawai ke ciki.

Daga masana'anta tana zuwa da gudun 9600, bit 7 na bayani, daidaiton EVEN, da bit 2 na tsayawa. Manhajar kwamfuta kuwa yawanci a kan bit 8, ba daidaito, bit 1 na tsayawa take buɗewa. Ko dai ka canza mitar zuwa NONE mai bit 8, ko ka canza kwamfutar ta bi ta. Bit 2 na tsayawa ba ya canzuwa a mitar, don haka a kwamfuta za ka gyara shi. Idan ka ga amsa tana dawowa amma haruffa a hargitse, nan matsalar take.

Bayan duk wannan, umarnin farko da za ka tura shi ne SYST:REM. Ta kafar siriyal, mitar ba ta shiga hannun kwamfuta da kanta. Idan ka nemi awo ba ka tura shi ba, za ta yi ƙara ta kunna alamar ERROR, ta ajiye kuskure mai lamba 550. Daga nan ka tura umarnin tambayar sunanta, *IDN? Idan ta dawo maka da HEWLETT-PACKARD,34401A da wasu lambobi a baya, hanya ta buɗe. Kada ka rubuta ko layi ɗaya na shiri kafin ka ga wannan amsa da idonka.

Babbar kafar kuwa ita ce GPIB, mai fil 24. Kamfanin Hewlett-Packard ne ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1960 da sunan HP-IB, aka mayar da ita ƙa'idar IEEE 488 a 1975. Tana ɗaukar na'urori har 15 a layi ɗaya, har da kwamfutar, kowace da adireshinta tsakanin 0 da 30. Jimillar tsawon kebul kada ta wuce mita 20, ko mita 2 ga kowace na'ura, duk wanda ya fi gajarta. Mitarka adireshi 22 take zuwa da shi. Idan ka tarar da ita a kan 31, wannan yanayin turawa kaɗai ne, wanda aka tanada don firinta, ba za ta saurari kowa ba. A ganinmu, idan wannan mita ɗaya ce kawai gare ka, ka tsaya a siriyal, domin na'urar da ke haɗa USB da GPIB, irin su NI GPIB-USB-HS ko Keysight 82357B, tana iya kusan kai kuɗin da ka sayi mitar. Idan kana da niyyar tara tsofaffin na'urori uku ko huɗu, to GPIB ta cancanci kuɗinta.

Wani abu kafin ka ci gaba da aiki da ita: kusa da inda wayar wuta ke shiga akwai ɗan akwatin fiyus da ke nuna 100, 120, 220 ko 240. Ka tabbatar ya dace da soket ɗin shagonka. Kayan haraji wasu daga Amurka suka fito a kan 120.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a fannin injiniyan lantarki a Madina. Ina amfani da Python da PyVISA, manhajar da ke ba Python damar magana da na'urorin awo. Shirina yana tafiya daidai na ɗan lokaci, sai ya tsaya da saƙon VI_ERROR_TMO. Wani lokaci kuma na tambayi ƙarfin wuta sai ya ba ni amsar tambayar da ta gabata. Ina kuskuren yake?

AMSA: 'Yar'uwa, matsalolin biyu uwa ɗaya ta haife su. Saƙon VI_ERROR_TMO, mai lamba -1073807339, ma'anarsa kwamfuta ta jira amsa har wa'adin da aka ba ta ya ƙare. Idan ba ki saita komai ba, wa'adin daƙiƙa 2 ne.

Abu na farko da za ki duba shi ne alamar ƙarshen layi. A GPIB da USB da VXI-11, wata hanyar haɗi ta LAN, tsarin sadarwar da kansa yana nuna inda saƙo ya ƙare. A siriyal, da kuma haɗin da adireshinsa ya ƙare da SOCKET, babu wannan. Haruffa ne kawai ke kwarara, kwamfuta ba ta san inda za ta tsaya ba sai an gaya mata. Shi ya sa ake rubuta:

mita = rm.open_resource("TCPIP0::192.168.1.50::5025::SOCKET")
mita.read_termination = "\n"
mita.write_termination = "\n"
mita.timeout = 10000

Lambar 5025 ita ce ƙofar da na'urorin Keysight da wasu da dama ke amfani da ita. Yawancin na Rigol 5555 ne, na Tektronix da yawa 4000. Littafin na'urar zai faɗa miki. Wa'adin kuma da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake ƙirga shi, don haka 10000 daƙiƙa 10 ke nan.

Tunda kin ce shirin yakan fara tafiya kafin ya tsaya, mun fi zargin abu na biyu, wato awon ya fi wa'adin daɗewa. Mitar tebur tana tattara awonta ne na tsawon wasu zagaye na wutar gari, abin da ake saitawa da umarnin NPLC. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, zagaye ɗaya kashi 1 cikin 60 na daƙiƙa. Idan kika sa NPLC 100 don neman tsantsar daidaito, awo ɗaya zai ci daƙiƙa 1.67. Idan kuma gyaran sifili na kai tsaye yana kunne, mitar tana yin awo na biyu a cikinta bayan kowane awo, lokacin ya ninka ya wuce daƙiƙa 3. Kin ga ya riga ya haye daƙiƙa 2. Idan kika ce ta ɗauki awo 10 a jere da SAMP:COUN 10, sai ki lissafa fiye da daƙiƙa 30.

Daga nan matsalarki ta biyu take fitowa. Kwamfuta ta gaji da jira ta wuce, amma mitar ba ta sani ba. Ta gama awonta ta ajiye amsa a bakin ƙofa. A siriyal ko SOCKET, da kin yi sabuwar tambaya, tsohuwar amsar ce za ta fara shigowa, kuma daga nan kowace amsa za ta riƙa zuwa a makare da taki ɗaya har ƙarshen gwajin. Wannan ya fi tsayawar shiri haɗari, domin lambobi suna shiga fayil, sai dai a gurbin da ba nasu ba. A GPIB mitar takan zubar da tsohuwar amsar ta rubuta kuskure -410. Duk lokacin da wa'adi ya ƙare, kada ki ci gaba kai tsaye. Ki kira mita.clear(), in kuwa haɗin bai yarda da shi ba, ki rufe shi ki sake buɗewa.

Ki kiyaye kuma da bambancin write da query. Umarnin da ya ƙare da alamar tambaya yana da amsa, da query ake tura shi. Wanda ba shi da ita ba shi da amsa. Idan kika tura *RST, umarnin mayar da na'ura kan saitinta na asali, da query, za ki jira abin da ba zai zo ba.

Da yawa daga cikin ɗalibai suna cika shirinsu da time.sleep, daƙiƙa 1 nan, daƙiƙa 2 can. Ba mu son wannan ɗabi'a, domin ran da aka canza saiti lissafin ya rushe. Ƙa'idar IEEE 488.2 ta 1987 ta tanadi *OPC? don wannan aiki: na'ura ba za ta dawo da 1 ba sai ta kammala abin da aka sa ta. Ki tura shi bayan *RST, da bayan duk umarnin da ke ɗaukar lokaci.

Abin da muka fi so ki riƙe shi ne SYST:ERR? Na'urar SCPI ba ta mayar da ƙorafi idan ba ta gane umarni ba, sai ta yi shiru ta ajiye kuskuren a jeri. Yayin da kike gina shirin, ki tambaye ta bayan kowane umarni, ki ci gaba da tambaya har ta ce +0,"No error". Lamba -113 na nufin ba ta san umarnin ba, ko dai an yi kuskuren rubutu ko wannan samfurin ba shi da shi. Lamba -222 na nufin adadin da kika ba ta ya fita daga iyakarta. Lamba -420 na nufin kin nemi karanta amsa alhali ba ki yi cikakkiyar tambaya ba. A farkon shiri ki tura *CLS don share kurakuran wanda ya yi aiki da ita kafinki.

TAMBAYA: Ina auna batirin mota da kwamfuta, sai lambar 9.9E+37 take fitowa a fayil. Mece ce wannan? Daga wani ɗan'uwa a Makka.

AMSA: Haka SCPI ke cewa abin da ake aunawa ya fi ƙarfin zangon da aka zaɓa. Mai yiwuwa ka rubuta CONF:VOLT:DC 10. Mitoci irin 34401A suna karanta har kashi 20 cikin 100 sama da zango, wato bolt 12 a zangon 10. Cikakken batiri yana kai 12.6 zuwa 12.7, idan inji na tafiya kuma ya kai wajen 14. Ka sa zangon 100. A cikin shirin kuma ka sa sharaɗi cewa duk lambar da ta wuce 9E37 a yi mata alama, kada ta shiga lissafin matsakaici, domin guda ɗaya ta isa ta lalata sakamakon yini.

TAMBAYA: Muna haɗa sola a gonaki da wuraren hutawa a bayan gari. Muna da ɗaki a wajen Yanbu inda muke gwada batura, gwajin kan ɗauki awa 20. Ina so in riƙa kunnawa da kashewa daga gida. Wani ya ce in buɗe ƙofar na'urar a rauta. Shin haka ake yi? Daga wani injiniya a Yanbu.

AMSA: Injiniya, kada ka yi haka. SCPI, tun da aka fito da shi a 1990, an tsara shi ne don ɗakin gwaji inda kowa ya san kowa. Ƙofar 5025 ba ta tambayar suna, ba ta tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya iso gare ta daga ko'ina a duniya zai iya ɗaga bolt, ya cire iyakar amfiya, ya kunna fitar wuta a kan batirin da babu kowa kusa da shi. Akwai kuma manhajoji da ke zagaya intanet dare da rana suna neman buɗaɗɗun ƙofofi. Ko ba don haka ba, idan rautar ta layin waya ce, sau da yawa masu layi da dama ne ke tarayya a adireshi ɗaya na waje, buɗe ƙofar ba zai ma yi aiki ba.

Tsarin da muke ba da shawara shi ne a ajiye ƙaramar kwamfuta a cikin ɗakin, kusa da na'urorin. Raspberry Pi ta isa, ko tsohuwar laftof. A kanta shirin gwajin zai gudana daga farko har ƙarshe. Kai kuma daga gida kwamfutar kake shiga, ta SSH mai makulli, ko ta hanyar sirri irin WireGuard, kana leƙa fayil kana ganin inda aka kwana. Amfanin wannan shi ne yankewar intanet ba ta taɓa gwajin. Idan shirin a gidanka yake, layi ya yanke a awa ta 15, na'urar jan lodi za ta ci gaba da zuƙe batirin bisa umarnin ƙarshe da ta ji, babu mai tsayar da ita.

A ce batirin 200 Ah ne na dalma da asid. Gwajin awa 20 na nufin jan amfiya 10, kusan wat 120 a bolt 12, har sai ya sauka zuwa bolt 10.5. Wannan 10.5 ɗin a cikin na'urar jan lodin za ka saita shi a matsayin iyakar yankewa, sannan ka maimaita shi a cikin shirin. Haka idan kana caji da na'urar ba da wuta: iyakar bolt da ta amfiya a jikinta za a kafa su kafin a kunna fita. Kwamfuta tana iya sandarewa, na'urar ita ce ya kamata ta kasance mai tsaron ƙarshe. A Python ka sa dukan gwajin cikin try, umarnin kashewa kuma cikin finally, INP OFF ga mai jan lodi ko OUTP OFF ga mai ba da wuta, don ko shirin ya faɗi, ya kashe kafin ya fita. Fiyus na gaske a kan wayar batiri, kusa da kan batirin, ba abin da ke maye gurbinsa. Ɗakin kuma ya samu mafitar iska, domin wannan batiri yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji.

A ɓangaren ajiye bayani, awo ɗaya kowace daƙiƙa 10 ya wadatar, layi 7200 ke nan a awa 20. Ka rubuta kowane layi a fayil nan take ka kira flush, kada ka tara su a ƙwaƙwalwa sai ƙarshe, don idan wuta ta ɗauke a awa ta 19 ba ka rasa komai sai layin ƙarshe. Ka sa kwamfutar da rautar a kan ƙaramin UPS. Ka ba kowace na'ura adireshi tsayayye, domin idan rauta ce ke rabawa, bayan ɗaukewar wuta tana iya sauya su, shirin ya nemi mita ya tarar da wata na'ura. Don haka a farkon shiri a tambayi kowace *IDN? a tabbatar ita ce. Idan ka ga adireshin na'ura ya fara da 169.254, ba ta samu rautar ba ne ta ba kanta adireshi.

Zafin Yanbu ma yana shiga cikin lissafi. Ƙarfin batiri da aka rubuta a jikinsa galibi a digiri 25 aka auna shi, kuma daidaiton da masu ƙera mitar tebur suka yi alkawari na shekara guda tsakanin digiri 18 da 28 yake. Ɗakin kwano a watan Yuli ya wuce wannan nesa. Ka sa ma'aunin zafi a jikin batirin, shirin ya riƙa rubuta shi tare da bolt, kuma ya dakatar da gwajin idan zafin ya haura iyakar da mai batirin ya gindaya. Idan kana buƙatar auna amfiya da ta wuce 3, kada ka bi da ita ta cikin mitar tebur. Ka sa ƙarfen awo mai 100 A da 75 mV a layin, ka auna bolt a kansa: amfiya 10 za ta ba ka 7.5 mV.

TAMBAYA: Na haɗa osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wutar lantarki a allo, da laftof ta USB don in ɗauki hoton wutar wata inbata. Da na maƙala ɗan kunnen ƙasa na tsinken awo, sai tartsatsi ya tashi, kafar USB ta laftof ta mutu. Me ya faru? Daga wani matashi a Jidda.

AMSA: Ƙanenmu, Allah ya tsare gaba, abin da ya fi kafar USB aka tsallake. A osiloskof na tebur, ɗan kunnen nan a haɗe yake da ƙarfen jikin na'urar, da wayar ƙasa ta soket, da kuma ƙarfen kebul ɗin USB. Duk inda ka maƙala shi, ka haɗa wurin da ƙasa kai tsaye. Idan wurin yana ɗauke da wuta, za ta bi duk hanyar da ta samu, har ta cikin laftof ɗinka.

A nan ƙasar akwai ƙarin tarko. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa tsarin 230 da 400, amma tsofaffin gidaje da shaguna da yawa a Jidda da Makka har yanzu a kan 127 da 220 suke. A wannan tsohon tsari, 220 ɗin tsakanin layuka biyu masu wuta ake ɗaukarta, kowanne yana da bolt 127 idan aka auna shi da ƙasa. Babu wayar da za ka maƙala wa kunnen ƙasa lafiya a cikin biyun. Inbata da yawa ma haka fitarsu take.

Wasu kan cire fil ɗin ƙasa na fulogin osiloskof don kauce wa tartsatsin. Yin haka yana mayar da dukan ƙarfen jikin na'urar mai wuta, da duk abin da ke haɗe da ita, har hannun mai aiki. Abin da ya dace shi ne tsinken awo na bambanci, mai ɗaukar bolt 700 ko sama, wanda ke auna tsakanin wayoyi biyu ba tare da ya haɗa ɗaya da ƙasa ba. Idan babu shi, a sa tsinke biyu masu rage wuta sau 100 waɗanda aka ƙera don irin wannan bolt, ɗaya a tasha ta 1, ɗaya a ta 2, a cire kunnuwan ƙasa duka biyu, a sa na'urar ta debe ta 2 daga ta 1. Wajen haɗa ta da kwamfuta kuma, idan osiloskof ɗin yana da kafar LAN, ka bi ta nan da kebul maras rufin ƙarfe, domin kafar LAN tana da ƙaramar taransifoma a ciki da ke raba ɓangarorin biyu, abin da USB ba ta da shi. Kafin ka sake aiki da osiloskof ɗin, ka cire shi daga soket ka auna tsakanin ƙarfen bakin kowace tasha da fil ɗin ƙasa na fulogi. Ya kamata ka ga ƙasa da om 1. Idan ka ga ya buɗe, layin ƙasa ya ƙone a ciki, sai an gyara kafin a sake kunna shi.